Kun Tambaya, Mun Amsa: Wa Ke Fita Zaɓe a Unguwa, Wa Ke Zama a Gida?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: yadda ake gane inda unguwa ta karkata a siyasa, da abin da ke sa wasu su fita kaɗa ƙuri'a wasu kuma su yi zamansu a gida. Mun ɗauki shida daga ciki, mun taƙaita su saboda wuri.

TAMBAYA: A zaɓen da ya wuce, layin rumfarmu ya kai har bakin titi, tun safe har yamma. Da sakamako ya fito sai aka ce waɗanda suka fito a unguwarmu ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Ni dai na ga jama'a da idona. Anya ba a rage ƙuri'un ba?
Daga wani malamin makaranta

AMSA: Malam, tsawon layi ba yawan masu zaɓe yake nunawa ba, jinkirin aiki yake nunawa. A ɗauka tantance mutum ɗaya da miƙa masa takardar ƙuri'a na cin minti 2. Teburi ɗaya ba zai sallami fiye da mutum 30 a awa ba, wato mutum 180 a awa 6. Idan rumfar na da mutum 750 a rajista, layi zai yini bai yanke ba, alhali waɗanda suka kaɗa kashi 24 ne kacal. Kuma ba duk wanda ka gani a wurin ne ke layi ba. Akwai waɗanda suka riga suka kaɗa suna jiran ƙidaya, da wakilan jam'iyyu, da 'yan kallo.

Idan kana son ainihin adadin, nemi takardar sakamakon kowace rumfa da ke unguwar, ka fitar da abu huɗu: yawan masu rajista, yawan waɗanda aka tantance, ƙuri'u masu kyau, da ƙuri'un da suka lalace. Haɗa masu kyau da lalatattu, raba da yawan masu rajista, sannan ka ninka da 100. Wuri biyu mutane suka fi yin tuntuɓe. Wasu kan tara ƙuri'un 'yan takara kawai su manta da lalatattu, alhali wanda ƙuri'arsa ta lalace shi ma ya fito. Wasu kuma kan ɗauki kason kowace rumfa su raba daidai, ko da rumfunan ba girmansu ɗaya ba. Rumfa mai mutum 200 da 120 suka fito ta samu kashi 60; mai mutum 1,000 da 250 suka fito ta samu kashi 25. Wanda ya haɗa 60 da 25 ya raba biyu zai ce kashi 42 da rabi. Gaskiyar kuwa mutum 370 ne cikin 1,200, wato kashi 31. A fara tara mutane tukuna, sannan a fitar da kaso.

Rajistar kanta ma tana da nata aibin. Akwai sunayen mamata a ciki, da na waɗanda suka tashi, kuma wannan ya fi yawa a birni inda ake yawan sauya gida. Idan cikin mutum 750 ɗin nan 150 sun bar unguwar, mutum 180 da suka fito sun zama kashi 30, ba 24 ba. Shi ya sa ake kula da abin da aka raba da shi. A zaɓen shugaban ƙasa na Nijeriya na 2023, masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka karɓi katinsu kusan miliyan 87, waɗanda suka kaɗa kuma kusan miliyan 25. In aka raba da masu rajista a samu kusan kashi 27, in aka raba da masu kati ya ɗan ɗaga. A Amurka kuwa sun fi rabawa da duk wanda ya cancanci zaɓe, ko ya yi rajista ko bai yi ba, kuma da wannan ma'aunin aka samu kusan kashi 66 a 2020.

Batun maguɗi kuma yana da alamominsa: ƙuri'u su fi yawan waɗanda aka tantance, ko rumfa ɗaya ta nuna kashi 95 alhali maƙwabtanta suna wajen 30, ko adadin da aka rubuta a rumfa ya saɓa da wanda aka shigar a wurin tattara sakamako. Waɗannan za ka duba.

TAMBAYA: Tun tasowata unguwarmu jam'iyya ɗaya take yi. A zaɓen baya sai abokiyar hamayyarta ta cinye. Maigidana ya ce mutane sun juya mata baya, ni kuma ban ga ko mutum ɗaya cikin maƙwabtanmu da ya canja sheƙa ba. Wa ya fi gaskiya?
Daga wata uwargida

AMSA: Hajiya, kaso ba zai raba muku gardamar nan ba, sai kun koma ga ainihin adadin ƙuri'u na zaɓuɓɓuka biyu a jere. Ga misali. Unguwa mai mutum 2,000 a rajista: a zaɓen farko jam'iyyar gida ta samu 600, ta hamayya 300. A na biyu ta gida ta samu 320, ta hamayya 340. Wanda ya dubi kaso zai ce 'yan hamayya sun tashi daga kashi 33 zuwa kusan 52, an yi juyin juya hali. Amma ƙuri'a 40 kawai suka ƙara. Ta gida ce ta zubar da 280, kuma jimillar masu fitowa ta sauko daga 900 zuwa 660. A nan ke ce da gaskiya: mutane ba su koma wani gida ba, fushi suka yi suka ƙi fita. Da a ce jimillar ta tsaya a 900, ta gida ta samu 420, ta hamayya 480, to da maganar maigidanki ta fi ƙarfi.

Akwai hanya ta uku da ake yawan mantawa da ita: mutanen ne suka sauya, ba ra'ayinsu ba. Cikin shekara huɗu ko biyar wasu sun rasu, yara sun kai shekarun zaɓe, kuɗin haya ya tashi ya kori wasu ya kawo wasu, an gina sababbin gidaje a filin da babu kowa a da. Gwada rajistar da da ta yanzu. Idan sunaye sababbi sun kai ɗaya cikin biyar, unguwar da ta yi zaɓen baya ba ita ce wadda kika taso a ciki ba.

Rashin ganin wanda ya canja sheƙa kuma ba hujja ba ce mai ƙarfi. A inda kowa ya san ra'ayin da ya rinjaya, mai saɓanin ra'ayi yakan ja bakinsa ya yi shiru a zaman hira, sai ya shiga wurin dangwala yatsa ya yi abin da ke ransa. Wata masaniya 'yar Jamus, Elisabeth Noelle-Neumann, ta yi bayanin wannan ɗabi'a tun 1974.

Muna so mu ja kunne a kan abu ɗaya, domin yana haddasa gaba tsakanin maƙwabta. Sakamakon rumfa yana faɗin abin da rumfa ta yi, ba ya faɗin abin da wani rukuni a cikinta ya yi. A 1950 wani masani mai suna W. S. Robinson ya duba ƙidayar Amurka ta 1930, ya ga cewa jihohin da suka fi yawan baƙin da aka haifa a ƙasashen waje su ne suka fi yawan masu iya karatu. Mai gaggawa zai ce baƙin sun fi 'yan ƙasa karatu. Da aka duba mutum-mutum sai aka ga akasin haka. Baƙin dai sun fi sauka ne a jihohin da 'yan ƙasar suka riga suka yi karatu. Haka yake a zaɓe. Idan rumfar da baƙi ko 'yan wata ƙabila suka yi yawa ta juya, ba lalle su ne suka juya ta ba. Mai yiwuwa ma yawancinsu ba su da rajista a wurin. Kada a ɗora wa kowa laifin faɗuwar ɗan takara da irin wannan lissafi.

TAMBAYA: Mutanen birni sun fi ilimi da samun labarai. Me ya sa ake cewa mutanen karkara sun fi su fita zaɓe?
Daga wata ɗaliba

AMSA: 'Yar'uwa, ba a ko'ina haka yake ba, amma a ƙasashe da dama gaskiya ne. A 2023 jihar Legas na da masu rajista sama da miliyan 7, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuma ba su kai kashi 20 ba. A Indiya, zaɓen 2019 ya samu fitowar kusan kashi 67 a faɗin ƙasa, birnin Mumbai kuwa wajen kashi 55.

Babban dalili shi ne ƙaura. Wanda ya sauya gida sai ya mayar da rajistarsa sabon wuri, kuma wa'adin yin hakan yakan rufe tun kafin a fara zancen zaɓe sosai. Ɗan haya da ya yi rajista a wancan gefen gari zai ga rumfarsa ta yi masa nisa. Sunansa na nan a rajistar tsohuwar unguwa yana rage mata kaso, ga shi kuma babu shi a ta sabuwar. Sannan sabon zuwa bai san kansila ba, bai san mai neman kujerar ba, babu kuma wanda ya san shi balle ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. A ƙaramin gari kuwa, in ba ka fito ba za a lura.

Shekaru ma na da tasiri, kuma birane sun fi tara matasa. Alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka na 2020 sun nuna kusan kashi 51 na 'yan shekara 18 zuwa 24 ne suka yi zaɓe, 'yan 65 zuwa 74 kuwa kashi 76.

Kada kuma a raina ƙaramar wahala. A 2003 gundumar Los Anjeles ta Amurka ta haɗe rumfunanta daga sama da 5,000 zuwa ƙasa da 2,000. Masu bincike biyu, Henry Brady da John McNulty, sun gano fitowar waɗanda aka sauya wa rumfa ta ragu da kusan maki 2 cikin ɗari, kuma ruɗanin neman sabon wurin ya fi ƙarin nisan tasiri. Ga kuma unguwar da kowa ya san wanda zai ci tun kafin a buɗe akwati: magoya baya su ce an riga an ci, 'yan hamayya su ce wahalar banza ce, kowa ya zauna.

TAMBAYA: Mu matasa ne 20 a unguwa ɗaya, ba ma yi wa kowace jam'iyya aiki, so muke jama'a su fita zaɓe. Kuɗinmu kaɗan ne. Fosta za mu buga, ko mota mai lasifika za mu ɗauka, ko saƙonni za mu riƙa turawa a waya?
Daga shugaban wata ƙungiyar matasa

AMSA: Ɗan'uwa, ƙafafunku sun fi duk ukun nan amfani. Wannan fanni ne da aka yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa. A 1998 malamai biyu na jami'ar Yale, Alan Gerber da Donald Green, sun raba dubban masu rajista a birnin New Haven na Amurka rukuni-rukuni: wasu aka je musu gida, wasu aka aika musu wasiƙa, wasu aka kira su a waya, wasu aka ƙyale su. Bayan zaɓe aka duba rajista don ganin wanda ya fito. Zuwa gida a yi magana ido da ido ya ɗaga fitowa da kusan maki 8 a cikin waɗanda aka samu. Wasiƙa ta yi ɗan tasiri kaɗan, kiran waya daga kamfanin da aka ɗauka haya bai tsinana komai ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun samu adadi ƙasa da 8, amma jerin bai sauya ba: gwargwadon kusancin mai magana da wanda ake wa maganar, gwargwadon tasirinta. A 2010 Facebook ya nuna wa mutum kusan miliyan 61 saƙon tunatarwa ranar zaɓe. Saƙon da ya zo da hotunan abokan da suka riga suka yi zaɓe ne ya yi aiki, shi ma bai kai rabin maki ɗaya ba.

Ku san iyakar abin da za ku samu tun yanzu, kada gwiwarku ta yi sanyi daga baya. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne ƙarin ƙuri'a ɗaya a kowace tattaunawa 14 ko 15. Ku rabu bibbiyu, tawaga 10 ke nan. A ɗauka kowace tawaga ta samu zantawa da mutum 18 cikin awa 3, mutum 180 a fita ɗaya, 720 a fita huɗu. Wannan zai ba ku ƙarin masu zaɓe wajen 50. Za su ɗan fi haka, domin wani gwaji da wani mai bincike, David Nickerson, ya yi a gidaje masu mutum biyu ya nuna kusan kashi 60 na tasirin yana kaiwa ga ɗayan da ba a yi magana da shi ba. Hamsin ba ta da yawa a zaɓen shugaban ƙasa, amma takan raba gardama a kujerar kansila.

Aikin zango biyu ne. Na farko tun kafin a rufe rajista da sauya rumfa, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Wanda ba shi da rajista, duk daɗin bakinku ba zai iya kaɗa ƙuri'a ba. Ku fara da gidajen haya da sababbin gine-gine da waɗanda suka cika shekarun zaɓe. Zango na biyu shi ne mako biyun ƙarshe. Tunatarwar da aka yi wata biyu kafin zaɓe takan bi iska.

Kada ku ɓata lokaci a kan dattijon da bai taɓa fashin zaɓe ba, zai fita ko ba ku je ba. Ku nemi masu fita wani lokaci su ƙi wani lokaci. In an buɗe muku ƙofa, minti 3 zuwa 5 sun isa. Ku faɗi sunanku da layin da kuke, ku tabbatar ya san inda rumfarsa take da lokacin buɗewa da rufewa, sannan ku yi masa tambaya uku: ƙarfe nawa za ka je, daga ina za ka taso, me za ka yi kafin nan? Ba tambayoyin banza ba ne. An gwada su a jihar Fensilbeniya ta Amurka a 2008, suka ɗaga fitowa da kusan maki 4 a cikin waɗanda aka yi wa su, domin niyya ta koma shiri.

Ga inda ake ɓata aiki. Zuwa da tsakar rana, lokacin da masu gida suna wurin nema. Tura wanda ba ɗan unguwa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Shiga musun jam'iyya a bakin ƙofa, wanda zai sa a ɗauke ku 'yan kamfen a daina sauraronku. Da kuma buɗe magana da kukan cewa mutane ba sa fita zaɓe: mai sauraro yakan ji cewa zama a gida shi ne abin da kowa ke yi, sai ya bi sahu. Ku ce masa maƙwabtansa da dama sun shirya fita, in dai gaskiya ne. Kada ku raba kuɗi ko kaya ko da da kyakkyawar niyya, kuma kafin ku ɗauki mutane a mota zuwa rumfa ku duba abin da dokar zaɓe ta ce.

Za ku iya jin labarin wani gwaji na jihar Mishigan ta Amurka a 2006, inda aka aika wa mutane takarda mai ɗauke da sunayen maƙwabtansu da bayanin wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba. Fitowa ta tashi da maki 8. Ba mu ba ku shawarar kwaikwayonsa ba. Kunyata mutum ne, kuma ku da za ku ci gaba da zama da shi a layi ɗaya bayan zaɓe ku ne za ku kwashi fushinsa.

TAMBAYA: Mun zaga unguwa mun tambayi mutum 100, 90 suka ce za su fita. Ranar zaɓe ko rabi ba mu gani ba.
Daga wani ma'aikacin sa-kai

AMSA: Malam, haka ake samu a ko'ina. Mutum na jin nauyin ya ce wa maƙwabcinsa ba zai yi zaɓe ba. Kuma wanda ya yarda ya tsaya ya amsa tambayar siyasa, dama shi ne ya fi kusa da fita. Nan gaba kada ka tsaya a “za ka fita?” Tambaye shi ko ya yi zaɓen da ya wuce, ko katinsa na hannunsa, da kuma inda rumfarsa take. Wanda ya amsa ukun nan ba tare da inda-inda ba, shi za ka ƙirga.

TAMBAYA: Wani ɗan siyasa ya ce mana zai san duk wanda bai zaɓe shi ba a layinmu, tunda ana bayyana sakamako rumfa-rumfa. Da gaske zai iya sani?
Daga wata mai sana'a

AMSA: Malama, jimillar rumfa zai sani, ba zaɓinki ba. Abin da ake iya gani a rajista shi ne ko kin fito ko ba ki fito ba; wanda kika zaɓa yana cikin akwati a gauraye da na sauran jama'a. Don a hana irin wannan barazanar aka ƙirƙiro ƙuri'ar sirri, wadda aka fara a Ostareliya a 1856, Birtaniya ta bi sahu a 1872. Har yau a Birtaniya ana gauraya takardun akwati fiye da ɗaya kafin a ƙirga, don kada a san yadda wata rumfa ta yi. Ƙasashen da ke ƙirgawa a rumfa sun zaɓi hakan ne don toshe maguɗin da ake yi a hanya, sai dai yana bai wa ɗan siyasa damar sanin unguwar da ta ƙi shi, kuma a ƙaramar rumfa mai mutum 40 ko 50 zato yakan yi sauƙi.

Sirri ya fi fashewa a wurin kaɗawa. Duba inda aka ajiye wurin dangwalawa: idan wani na iya hango hannunki daga baya ko ta taga, ki gaya wa shugaban rumfa a gyara kafin ki karɓi takarda. Ki naɗe takardar yadda malaman zaɓe suka nuna tun kina ciki, kada ki fito da ita a buɗe. Kada ki ɗauki hotonta, kada kuma ki yarda wani ya raka ki ciki da sunan taimako in ba ke kika nema ba. Barazanar da ya yi muku kuwa laifi ce a dokokin zaɓe na yawancin ƙasashe. Ku rubuta ranar da wurin da abin da ya faɗa, ku samu mutum biyu ko uku da suka ji, ku kai wa hukumar zaɓe ko masu sa ido kan zaɓe tun kafin ranar kaɗa ƙuri'a.